Tashar metro ta Alje da masu cewa tarihi ba ya cika ciki

Akwai wata magana da na gaji da ji daga bakin ƴan kwangila da wasu ƴan boko: wai tsofaffin duwatsu ba su ciyar da kowa, in aikin ci gaba ya zo sai katafila ta bi ta kansu. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana ƙarƙashin ƙasa a Alje, babban birnin maƙwabciyarmu Aljeriya.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alje, wanda suke kira metro, ya fara ɗaukar fasinja a 2011, bayan kusan shekara 30 ana aiki ana tsayawa. An kuma ƙudurta miƙa layin zuwa Dandalin Shahidai, a gindin Kasba, tsohuwar unguwar da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1992. In akwai mutanen da za a yi wa uzurin gaggawa, to waɗanda suka sha wannan dogon jira ne. Duk da haka, kafin a gina tashar sai aka ba masu binciken kufai fili su tona.

Ku ji abin da ya fito. Titunan zamanin Rumawa, lokacin ana kiran garin Ikosiyum. Daɓen wata tsohuwar majami'a da aka yi wa ado da ƙananan duwatsu masu launi. Kaburbura da tsabar kuɗi. Maƙeran zamanin daular Usmaniyya. Sai kuma tushen masallacin Sayyida, wanda Faransawa suka rushe jim kaɗan bayan sun kama garin a 1830, don su buɗe wa sojojinsu fili.

Da aka ga haka, injiniyoyi suka sake zane. Aka rage faɗin tashar fiye da rabi, aka zurfafa ramin zuwa kimanin mita 35 don jirgi ya wuce ta ƙarƙashin kufan ba tare da ya taɓa su ba. A watan Afrilu na 2018 aka buɗe tashar. Yau ma'aikaci na shiga jirginsa da safe, tarihin garinsa kuma na nan bisa kansa.

Na san abin da za a ce: an ƙara kashe kuɗi, an ɓata lokaci. Gaskiya ne. Amma kuɗi ana sake samunsu, lokaci kuma an riga an saba jiransa. Daɓen da ya kwana shekara 1500 a ƙasa, in katafila ta niƙe shi da hantsi, babu kasafin kuɗin da zai maido shi da la'asar. Sauri ya haifi nawa. Ƙari a kan haka, ɗan mulkin mallaka ya rushe masallacin nan daga sama. Da Aljeriyawa sun bar injin ya kwashe tushen, da sun ƙarasa masa aikinsa da kuɗin aljihunsu.

Malamai, da ku nake. Muna sa yara su haddace shekarun yaƙe-yaƙe a lakwal, har yaro ya ɗauka tarihi wani abu ne da ke zaune cikin littafin Faransanci. Ɗalibi nawa a Damagaram aka taɓa kai wa Birni da fadar Sarki da sunan darasi? In yaro bai taɓa ganin darajar tsohon bango ba, ranar da ya zama magajin gari shi zai sa hannu a rushe shi.

Iyaye kuma, ku daina yi wa ɗan da ya zaɓi karatun tarihi kallon wanda ya ɓata. A Alje, binciken masu irin wannan karatun ne ya sa injiniya ya karkata raminsa. Mu a nan, kayan yumɓun Bura da aka gano a yammacin ƙasarmu, ɓarayi sun yi ta tonewa suna sayar wa Turai, masu tsaronsu ba su da yawa.

Ba mu da metro, amma kullum muna haƙa: hanya, kasuwa, magudanar ruwa, harsashin gini. Buƙatata ɗaya ce. Duk inda za a tona a tsohuwar unguwa, a kira masana su duba tukuna, ɗan kwangila ya jira. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.