Kasuwar Nishiki Da Koya Wa Yara Halal

A tsakiyar birnin Kyoto na ƙasar Japan akwai wata kasuwa mai rufi da ake kira Nishiki. Tsawonta kimanin mita 390 ne, amma shaguna fiye da ɗari ne jere a gefenta biyu, kuma tarihinta ya kai shekara 400. Mutanen garin suna yi mata kirari da ɗakin girkin Kyoto. Musulmin da karatu ko aiki ko ziyara suka kai shi can da iyalinsa yakan tsaya a bakin irin wannan kasuwa yana shawara da zuciyarsa: ya shiga da yara, ko ya kauce? A ganinmu shiga ta fi, matuƙar an shiga da ilimi.

Abu na farko da yaro zai gani shi ne yalwar halal. Da yawa daga cikin abubuwan da ke kan tebura daga teku suka fito: kifi ɗanye da busasshe, jatan lande, kaguwa, ganyen teku, har da wata ƙaramar halitta mai hannuwa takwas da ake cusa wa ƙwan salwa a kai, a soke ta da tsinke. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, dabbobin ruwa halal ne ba sai an yanka ba, kuma aya ta 96 a Suratul Ma'ida tana cikin hujjojin malamai a kan haka. Hanafawa sun taƙaita halaccin a kan kifi. Yaron da aka yi wa wannan bayani yana kallon abin da idonsa ba zai manta da shi ba, kuma zai fahimci cewa saɓanin malamai yana da tushe.

Abu na biyu shi ne inda hatsarin yake ɓuya. A girkin Japan matsalar ba kasafai take cikin kifin ba, tana cikin abin da aka zuba masa. Akwai mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa, wanda na asalinsa yake ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari. Akwai sake, giyar shinkafa da ake girki da ita. Sukan shiga romon da ake shafa wa gasasshen kifi da wainar ƙwai. Narazuke, wani nau'in kayan lambu da ake adanawa, a cikin dusar giya ake jiƙa shi. Romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, wasu alewoyin kuma da gelatin ɗin alade ake haɗa su. Naman sa da na kaza ma suna bukatar bincike a kan yanka. Barasar da ke samuwa a ruwan waken soya lokacin tsimuwarsa kuwa, malamai sun yi saɓani a kanta, sai iyaye su tambayi malamin da suka amince da shi tun kafin su fita.

Nan ne kasuwa take zama makaranta. Yaro ɗan shekara bakwai yana iya haddace surar alamomi uku: 豚 na alade, 酒 na giya, da みりん na mirin. A ba shi kwalba ko leda ya duba da kansa. A rumfunan da ake dafawa a sayar nan take, inda babu rubutu, a bar shi ya ji yadda mahaifinsa yake tambaya cikin ladabi, da yadda yake godiya ya wuce idan amsar ba ta gamsar ba, ba tare da yamutsa fuska ko aibata abincin mutane ba.

Wasu za su ce barin shubuha ya fi aminci, tunda akwai shagunan halal, kamar wanda ke harabar masallacin Tokyo Camii da na unguwar Shin-Okubo. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma a kan nama muna tare da su. Sai dai yaron da ke zaune a Japan ba zai dawwama a gefen mahaifiyarsa ba. Zai tarar da abincin rana na makaranta, zai shiga shagon unguwa shi kaɗai, abokai za su miƙo masa alewa. Idan kalmar "bari" kaɗai ya sani, to ko dai ya tsorata da kowane abinci har ya ga addininsa ƙunci ne, ko ya gaji ya ci duk abin da ya samu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma ladubban da za a tsinta a hanya. Masu kula da Nishiki suna roƙon jama'a kada su ci abinci suna tafiya. A tsaya a gaban shagon da aka saya a cinye. Ba a taɓa kaya da hannu barkatai, ba a yar da shara a ƙasa. Japanawa suna da kalmar mottainai da suke nuna takaicin ɓarnar abu da ita, kuma tun 2005 suka yi doka ta musamman kan ilimantar da jama'a game da abinci. Uba mai hikima zai nuna wa ɗansa cewa hani ga almubazzaranci yana cikin addininsa tun farko, ya sa shi ya yi bisimilla, ya sayi abin da zai iya cinyewa kawai.

Hanyar kasuwar ƙunci ce, don haka a je da hantsi kafin cunkoso, a riƙe hannun ƙanana, a sayi kaɗan a yi bayani da yawa. 'Ya'ya amana ne, kuma sanin abin da zai shiga cikinsu yana cikin haƙƙinsu a kanmu. Allah Ya ciyar da mu da zuriyarmu halal mai albarka.