Mashayi Ɗan Uwanmu Ne, Mu Buɗe Masa Zaure

'Yan uwa matasa, burkutu ba ɓoyayyen abu ba ne a ƙasar Zuru. Daga Dirin Daji zuwa ƙauyukan Sakaba, dawar da muke nomawa ita ake jiƙawa a dafa, kuma cikin masu sha akwai waɗanda muke sahu ɗaya da su ran Juma'a. Jihar Kebbi ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, amma bulala ba ta cire ƙishirwar giya daga jikin mutum.

Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah (S) saboda giya. Da wani ya tsine masa, Manzo ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Mu kuwa da mun ji wari a bakin ɗan uwa sai mu ƙaurace masa, shi kuma ya koma inda ake maraba da shi.

A Amurka, cikin 1935, mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka gano cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya ɗanɗani halinsa. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta faro. Me zai hana mu? Mutum biyar sun isa, a zauren wani malami, kowane mako bayan Isha'i, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, sirri kuma ya tsaya nan. Mai fama ya nemi wanda ya riga shi dainawa su fara.

Amma wanda hannunsa ke karkarwa da safe kada ya yanke sha lokaci guda, farfaɗiya na iya kama shi. A fara kai shi asibiti, ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware a Sakkwato.