Lasisin jagoran jirgin ruwa: maganar ta shafi aljihunmu

Jama'a 'yan kasuwa, shinkafa, man girki da atamfar da muke sayarwa a Gaya, Maraɗi ko Kusseri, yawancinsu ta teku suka zo. Kafin kwantena ta sauka a Kwatano, Lome, Tema ko Duwala, akwai mutum guda da ba mu taɓa ganinsa ba, amma dukiyarmu tana ratsawa ta hannunsa. Shi ne jagoran jirgi, wanda ke fita a ƙaramin kwalekwale, ya hau tsanin igiya, ya nuna wa kyaftin hanyar shiga tasha. Kyaftin baƙo ne, jagora kuwa ɗan gari, ya san inda yashi ya taru da inda ruwa ke ja.

To wannan aiki ba a yin sa sai da lasisi, kuma bai kamata lasisin ya zama na mutu-ka-raba ba. A Disambar 2003 Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, IMO, ta amince da ƙuduri mai lamba A.960. Ƙudurin ya ce aƙalla sau ɗaya cikin shekara 5 hukumar da ke kula da jagorori ta tabbatar da abu uku: cewa jagora yana da sanin hanyar ruwan yankinsa kamar yadda take a yau, cewa idonsa, kunnensa da jikinsa lafiya lau, kuma ya san dokokin da ake aiki da su. Wanda ya daɗe bai yi aiki ba, sai ya sake sabawa da hanyar, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A Duwala misali, jirgi sai ya bi doguwar hanya cikin bakin kogin Wuri, wadda laka ke cikewa ana yashewa. Sanin bara bai isa bana ba.

Matsalar ita ce ƙudurin shawara ne kawai. Sai kowace ƙasa ta sa shi cikin dokarta, ta kuma yi aiki da shi tsakani da Allah.

Wani zai ce ina ruwan mai shago da wannan? Mu tuna da jirgin Ever Given da ya maƙale a mashigin Suwez na Masar a Maris 2021, ya toshe hanya kwana 6, alhali da jagorori a cikinsa. Ba a saki jirgin ba sai a Yuli. Masu jirgin kuma suka yi amfani da tsohuwar dokar teku ta raba asara, wadda ke sa duk mai kaya a ciki ya ɗauki kasonsa na kuɗin ceto, ko da kayansa ba su taɓu ba. Wanda bai yi inshora ba, daga aljihunsa za a cira.

Saboda haka muna kira ga ƙasashen da ke da tashoshi su riƙe wa'adin shekara 5 da gwajin likita na gaskiya, ban da sani ko sabo. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa, idan sun zauna da hukumomin tasha, kada magana ta tsaya kan kuɗin duwan da na ajiya kaɗai, su tambayi yadda ake sabunta lasisin jagorori. Kai kuma Alhaji, kafin ka biya kuɗin kwantena, tambayi wakilinka ko kayanka na da inshora. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana dukiyarmu.