Likitocin jijiyoyi: Aiki na jira a Birnin Kudu da Gwaram, amma wa zai zauna?

Ɗalibin likitancin da ke shirin ƙwarewa a fannin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, wanda jama'a kan rikita da likitan taɓin hankali, ba zai rasa marasa lafiya a kudancin Jigawa ba. Hawan jinin da aka yi wa sakaci yakan kai ga shanyewar ɓarin jiki. Sanƙarau, wanda ya fi yi wa Jigawa ɓarna a annobar 2022 zuwa 2023, yakan bar wasu yaran da suka tsira da kurumta ko farfaɗiya.

Sai dai yawan marasa lafiya bai isa ya samar wa ƙwararre gurbin aiki ba. A ƙauyukan Gwaram, mai farfaɗiya yakan fara zuwa wurin mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya, asibiti kuwa sai abin ya ta'azzara. Idan ya isa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, mai duba shi na buƙatar na'urar hoton ƙwaƙwalwa, da ta auna motsinta, da lantarki marar yankewa, da majinyacin da zai iya biya. In babu waɗannan, abin da ya rage wa ƙwararren shi ne rubuta takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ga kuma tsawon hanya: shekara shida a jami'a, ɗaya ta gwaji, ɗaya ta hidimar ƙasa, sannan kusan shida na horon ƙwarewa. Wanda ya kammala yana da kasuwa a Ingila da Saudiyya. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci sama da 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta amince da manufar riƙe ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2024.

Alamu na nuna cewa guraben da za su buɗe nan gaba za su taru ne a Kano da Dutse, inda ake koyar da likitanci. Birnin Kudu na iya samun rabonta idan cibiyar ta horar da 'yan yankin da kanta, ta kuma tanadi kayan aiki kafin ta tallata gurbin. Gwaram kuwa, abin da ya fi kusa da ita shi ne ƙwararre mai ziyarar mako-mako, da jami'an lafiya na karkara da aka koya wa gane farfaɗiya da wuri.