Sharhi: Farautar ɓoyayyen abu ta karkata ga ƙananan ƙwayoyi, ina rabon jami'o'in Najeriya?

Masana kimiyyar fiziks sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na abin da ke da nauyi a sararin samaniya ba ya ba da haske, ba a kuma gane samuwarsa sai ta yadda yake jan taurari. Tun 1933 Fritz Zwicky ya hango alamarsa, amma har yau babu na'urar da ta kama ƙwaya guda ta wannan ɓoyayyen abu.

An daɗe ana zaton ƙwayar mai nauyi ce. Saboda haka aka gina na'urar LZ a ƙarƙashin ƙasa a Dakota ta Kudu da ke Amurka, ɗauke da tan 10 na ruwan zenon. Sakamakon da ta fitar a Agustan 2024 bai nuna alamar ƙwayar ba.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa hankali ya koma kan ƙwayoyin da ba su kai furoton nauyi ba. Irin waɗannan ba sa iya girgiza cibiyar atom yadda za a gani, sai dai su ture ilektiron. Gwajin SENSEI a Kanada yana amfani da 'yan giram na silikon da ke ƙirga ilektiron ɗai-ɗai, shi kuwa NA64 na cibiyar CERN yana harba ilektiron ne, ya auna ƙarfin da ya ɓace.

Tunda na'ura ta sauko daga tan zuwa giram, ƙofa ta fara buɗewa ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Najeriya kuma tana da tushe: Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen fiziks, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana sarrafa tukunyar binciken nukiliya tun 2004.

Sai dai silikon ɗin yana buƙatar sanyi mai tsanani dare da rana, wato lantarkin da ba ya yankewa. Maiduguri ta yi watanni cikin duhu bayan hare-haren 2021 a kan turakun wuta, kafin buɗe tashar gas mai megawat 50 a 2023.

Hanya mafi kusa ita ce nazarin bayanai. Tun 2014 CERN ke sakin bayanan wasu gwaje-gwajenta kyauta a intanet. Ɗalibi a Maiduguri zai iya farawa da kwamfuta da malami mai jagora, muddin hukumomin ilimi suka ware kuɗin horarwa.