MU SAN ƘASARMU: Baƙin dutsen Abzin da ƙarafan da ake nema cikinsa

 

A wannan wata filinmu zai yi magana bisa duwatsun Abzin. Tun shekarar 2014, da anka ga zinariya a Jado da Cibarakaten, mutane sunka daina raina dutse. Wanda ya tsinci dutse mai nauyi ko mai ƙyalli sai ya ƙulle shi a bakin rawani, ya tafi neman mai saye. A rediyo kuma muna jin sunan wasu ƙarafa masu tsada, nikel da filatin. Ana samun su tare da jan ƙarfe cikin wani irin baƙin dutse. To, Abzin yana da irin wannan dutse. Shin arziki ya zo ke nan? Mu bi maganar sannu sannu, kada wani ya sayar da raƙuminsa a banza.

KOWANE DUTSE DA ABIN DA YAKE HAIFA

Akuya ba ta haifar ɗan raƙumi. Haka dutse yake: kowane iri da ƙarfen da ake samu gare shi. Ga iri uku da ya kamata mutumin jihar Agadas ya sani.

Na fari, dutsen yashi, wanda yake shimfiɗe yamma da Abzin. Rairayi da laka ne ruwa ya tara tun zamanin da, sunka daskare. A cikinsa anka samu uraniyom na Arlit, wanda anka fara fitarwa a 1971. A cikinsa anka samu gawayin ƙasa na Anu Araren, kusa da Cirozerin, mai ba mu wutar lantarki. Jan ƙarfen Azelik, a ƙasar Ingal, shi ma daga irin wannan shimfiɗa ya fito. Masu bincike sun ce Azelik ita ce Takadda ta tarihi. Matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka Takadda a 1353. Ya ga ana narka jan ƙarfe ana yin sanduna, su ne kuɗin garin. Sanda 400 masu kauri suna daidai da miskali ɗaya na zinariya. Ana kai su har Gobir da Barno.

Na biyu, dutse mai haske, fari ko ja-ja. Masana na ce masa garanit. Kuzar Elmeki da ta Tarwaji daga gare shi ta fito.

Na uku shi ne na maganarmu ta yau. Sunansa gaburo.

YADDA ZA KA GANE GABURO

Gaburo dutse ne mai duhu, baƙi ko toka-toka, wani lokaci da ɗan kore. Ya fi garanit nauyi a hannu. In ka fasa shi za ka ga ƙwayoyi manya, baƙaƙe da farare a gauraye, kamar an haɗa gawayi da gishiri.

Amma a yi hattara. Duwatsu da yawa na Abzin fatarsu ce kawai baƙa, in ka fasa sai ka ga cikin da haske. Akwai kuma wani baƙin dutse mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, wani har da ƴan ramuka, irin wanda ake gani wajen Timiya. Wannan aman dutse mai wuta ne, ya malalo bisa ƙasa ya huce da sauri. Ba shi muke nufi ba.

Gaburo a ƙarƙashin ƙasa ya dahu. Can ƙasa akwai zafi mai narka dutse, ya mai da shi kamar kunu. Wani lokaci kunun yakan taso, amma bai kai waje ba, sai ya tsaya a hanya. Ya yi shekaru dubbai yana hucewa a rufe. Shi ya sa ƙwayoyinsa sunka samu lokacin girma. Daga baya ruwa da iska sunka cinye abin da ya rufe shi, ya fito fili.

A Abzin wannan abu ya faru wajen shekara miliyan 400 da sunka wuce. Ana samun gaburo da danginsa a Ofud, da Tagey, da Abontorok, da Adrar Bus a bakin Tenere. Akwai kuma abin mamaki, shi ne Meger-Meger. Zobe ne na baƙin dutse a cikin Abzin. Daga wannan gefe zuwa wancan kilomita 65 ne, wato tafiyar raƙumi ta kwana biyu. Kaurin zoben kuwa bai wuce ƴan ɗaruruwan mita ba. Yana cikin mafiya girman irinsa a duniya. Mai tafiya a ƙasa ba ya gane zobe ne, sai a hoton da anka ɗauko daga sama.

YADDA ƘARFE YAKE TARUWA

Kunun dutsen nan yana ɗauke da jan ƙarfe da nikel da filatin, amma kaɗan ƙwarai, a warwatse. Kamar ka zuba cokali ɗaya na sukari cikin rijiya ne. Sukarin yana nan, amma ba mai iya fitar da shi. Kafin ƙarfen ya yi amfani sai wani abu ya tattara shi wuri ɗaya.

Abin da yake tattarawa shi ne farar wuta. In kunun ya samu farar wuta da yawa, sai ta haɗu da baƙin ƙarfe, su ware su zama ɗigo-ɗigo. Mata sun san irin wannan: in an kaɗa nono, mai yakan ware daban. Bambancin ɗaya ne. Man shanu sama yake tasowa, ɗigon nan kuwa nauyi gare su, ƙasa suke nitsewa. Suna nitsewa suna jawo jan ƙarfe da nikel da filatin, har su kwanta a gindi kamar gari a gindin ƙwaryar hura. In dutsen ya huce, sai a samu wata shimfiɗa mai ƙarfe a cikinsa.

To, ga inda maganar take. In farar wuta ba ta isa ba, ko ba ta ware bisa lokaci ba, ƙarfen zai zauna a warwatse har abada. Duwatsun gaburo suna da yawa a duniya, amma kaɗan ne daga cikinsu sunka zama wurin haƙa. Har yau ba a buɗe mahaƙar nikel ko ta filatin ba a Abzin, ko a wani wuri cikin Nijar. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

ƘASASHEN DA ABIN YA YI DAIDAI

A Afirka ta Kudu akwai babban dutsen gaburo mai suna Bushveld. A 1924 wani manomi, Andries Lombaard, yana wanke rairayin ƙorama, sai ya ga ƴan ƙwayoyi farare masu nauyi. Bai ɓoye ba. Ya aika su ga wani masanin dutse, Hans Merensky. Masanin ya tabbatar filatin ne. Sunka bi sawu har sunka gano shimfiɗar da take ɗauke da shi. Kaurinta bai cika wuce mita ɗaya ba, amma tsawonta ɗaruruwan kilomita ne. Yau Afirka ta Kudu ce take fitar da wajen kashi 7 cikin 10 na filatin duniya.

A ƙasar Kanada kuma, a wani wuri mai suna Voisey's Bay, mutum biyu masu neman ma'adini sunka hango wani tudu mai tsatsa daga jirgin sama a 1993. Ƙarƙashinsa anka samu nikel da jan ƙarfe masu yawa. Dutsen wurin irinsa ɗaya da na Meger-Meger. Wannan ya isa ya hana mu raina baƙin dutsenmu. Amma ku lura da abu biyu. An gani a 1993, ba a fara fitarwa ba sai 2005. Kuma mutanen wurin, maharba da masunta, ba su yarda an fara aiki ba sai da anka rubuta yarjejeniya da su a 2002.

Me duniya take yi da ƙarafan nan? Jan ƙarfe shi ne wayar lantarki. Nikel ana haɗa shi da baƙin ƙarfe don kada ya yi tsatsa, kamar na cokula da kayan aikin likita. Ana sa shi kuma cikin batir. Filatin da ɗan'uwansa faladiyom ana sa su cikin bututun hayaƙin mota don su rage gubar hayaƙi.

BA AIKIN GUDUMA DA ƘWARYA BA NE

Zinariyar Jado a dunƙule take, kusa da saman ƙasa. Na'ura ta yi kuka, mutum ya tona ya ɗauka. Filatin na cikin gaburo ba haka yake ba. Manomin Afirka ta Kudu ma alama kawai ya gani, haƙar sai da manyan kamfanoni. A mahaƙun can, tan ɗaya na dutse, wato buhu 10 masu kilo 100, yana ba da wajen giram 5. Nauyin ƙwayar sukari ɗaya ta shayi ke nan. Ido ba ya ganinsa cikin dutse. Sai an niƙa dutsen ya zama gari, a wanke shi da magunguna da ruwa mai yawa, a narka, a tace.

Ku tambayi maƙeran Agadas. Wutarsu tana narka azurfa, domin azurfa da zafin digiri 962 take narkewa. Jan ƙarfe da 1085. Filatin kuwa sai 1768. Zuga-zugi ba ya kai can. Duk wanda ya ce zai fitar maka da filatin daga baƙin dutse a bayan gida, in ka ba shi kuɗi, aljihunka yake haƙa.

Ga wani tarko. Cikin baƙin dutse akan ga ƙwayoyi masu ƙyalli, ruwan zinariya. Sau da yawa farar wuta ce haɗe da ƙarfe. Gwajin ba shi da wuya. Ɗora ƙwayar bisa dutse ka buga da guduma. Zinariya bajewa take yi. Wancan kuwa farfashewa yake, ya zama baƙin gari.

Farar wutar nan da ta tara ƙarfe ita ce kuma ɓarnar aikin. A Sudbury ta Kanada da Norilsk ta Rasha, manyan wuraren nikel na duniya, hayaƙin narka dutse ya kashe itatuwa da ciyawa a faɗin ƙasa mai yawa. Tarin dutsen da anka zubar, in ruwan sama ya taɓa shi, yakan fitar da ruwa mai tsami, mai ɓata rijiya. Kuma ƙarfe ba gero ba ne, ba ya tsirowa sau biyu. Mun gani da idonmu: mahaƙar uraniyom ta Akuta ta fara fitarwa a 1978, anka rufe ta a 2021. Rijiyar kakanninmu kuwa tana nan, muddin ba a ɓata ta ba.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Kada ka sayar da bisa ko garka domin jin labarin baƙin dutse. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

2. Ka san alamu. Tudu mai tsatsa, ja ko ɗorawa, bisa baƙin dutse. Kore ko shuɗi a jikin dutse, irin na tsohon jan ƙarfe. Dutse mai nauyin da ya wuce girmansa. Alama ba tabbaci ba ce, amma ta isa a duba. Ka ɗauki guntu, ka riƙe sunan wurin. Ku je tare da mai gari ko shugabanku ofishin ma'adinai na jiha a Agadas. Ka nemi a rubuta sunanka da sunan wurin. Awo ne yake faɗin abin da ke cikin dutse, ba bakin dillali ba. A Yamai akwai cibiyar binciken duwatsu da ma'adinai, ana ce mata CRGM.

3. Ka san doka. Dokar ma'adinai ta 2022 ta ce abin da yake ƙarƙashin ƙasa na ƙasar Nijar ne. Ba mai bincike ko haƙa sai da izini. In baƙi sunka zo da injin huda ƙasa, ku tarbe su da mutunci, ku nemi ganin takardarsu.

4. Ka kare abin da ke hannunka. Dokar kiwo ta 2010 ta san da haƙƙin makiyaya bisa wuraren zamansu. Ku je wurin kwamitin ƙasa, wanda ake kira Kofo, a rubuta garka da rijiya da hanyar bisashe tun ba a zo ba. In an kira taro kafin a fara wani aiki, ku je, maza da mata. Ku tambaya: Daga ina za a ɗebi ruwa? Ina za a zubar da dutsen da anka niƙa? Ta ina bisashe za su bi? Ƴaƴanmu nawa za a ɗauka aiki? Ran da anka rufe, wa zai gyara wurin? Ku ce a rubuta amsa.

5. Ku sa yara lakwal, maza da mata. Agadas tana da makarantar ma'adinai ta EMAIR, tana da jami'a tun 2014. Yaron da ya taso yana kiwo a Abzin, ya kuma koyi karatun dutse, ba wanda zai cuce shi, ba wanda zai cuci danginsa.

Ƴan'uwa, makiyayi ya san kowane kwari da kowane tudu na Abzin fiye da mai wucewa cikin mota. Wannan sani dukiya ne, kada a sayar da shi da arha. Baƙin dutsen nan ya yi shekara miliyan 400 a wurinsa, ba gobe zai tashi ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bakin rijiya da wurin shayi. Mai tambaya ya rubuto mana, ko ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu ya aiko.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.