Ƙaramar rediyo ba ta tsufa ba

Duk wanda ya leƙa teburin mai shayi da sassafe a Kano ko Maraɗi zai tarar da ita a jingine kusa da gwangwanin madara, an ɗaure murfin batirinta da roba, an miƙe eriya. Makiyayi kuwa a kafaɗa yake rataye ta ya bi shanunsa daji.

Tun 1957 Sashen Hausa na BBC ke magana ta cikinta, DW ta biyo baya a 1963, RFI a 2007. A gida, Rediyon Kaduna ya fara a 1962, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003.

Masu cewa wayar salula ta kashe rediyo sun yi gaggawa. Waya na neman caji da kuɗin data, ga wutar lantarki sai ta ga dama. Rediyo batir biyu kawai take buƙata, kuma ba ta tambayar mai sauraro ko ya iya karatu. A ƙauyen da babu sabis, ita ce ke sanar da ranar rigakafi da farashin taki.

Saboda haka gwamnatocin jihohi su gyara tashoshinsu na AM masu nisan zango, domin FM ba ta isa lungunan karkara da dama.